Muryar da Ke Ƙarƙashin Bargo

Ranar da suka haɗu, Tumisang bai fara ganin fuskar Boipelo ba, muryarta ya fara ji.

Gasar mawaƙan coci ake yi a ɗakin taro na Mabopane. Wuri ya cika maƙil, ƙungiyar su Boipelo na tsakiyar waƙa, sai aka ɗauke wuta kamar yadda aka saba yi mana. Ɗakin nan ba shi da tagar kirki, nan take ya yi duhu ƙirin. Mai kiɗa ya tsaya, mawaƙa suka yi tsit, jama'a suka fara tsaki. Ita kuwa Boipelo, da yake baitin nata ne, ba ta ga dalilin tsayawa ba. Ta ci gaba da rerawa ita kaɗai, har sauran suka ji kunya suka bi bayanta.

Da aka tashi tana bakin ƙofa tana ƙwala wa Gaone, ɗiyar kawunta, kira ta kawo mata jaka, sai wani dogon saurayi mai kayan aiki duk maiƙo ya juyo da sauri.

"Ke ce," in ji shi.

"Ni ce wa?"

"Wadda ta jawo mini zagi. An ɗauko ni in tayar da janareta idan wuta ta tafi. Na tsaya da sifana a hannu ina sauraronki, har shugaban taro ya zo ya ce ko kurma ne ni."

Boipelo ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ai shugaban taro bai yi ƙarya ba, tunda ga shi ana yi masa kallon ya ba da hanya bai ji ba. Ya yi dariya ya matsa, amma bai tafi ba sai da lambarta.

Washegari tana kantin maganin da take aiki saƙonsa ya shigo: "Barka da safiya, Kanari. Yau na gyara wutar gida uku, babu inda aka yi mini waƙa. Aikin banza na yi."

Ta bar shi ya jira har lokacin cin abinci, sannan ta amsa: "Mai Janareta, ka riƙa duban wayoyin da kake taɓawa. Ban shirya zuwa jana'izar wanda ban gama sani ba."

Daga nan suna ya bi su. Duk Asabar zai tsaya da tsohuwar a-kori-kurarsa a ƙofar gidan Kaka Mmapula, wadda ta riƙe Boipelo tun tana goye, ya sayo burodin kota guda, irin wanda ake cusa wa nama da soyayyen dankali, su raba. Kullum sai ya ba ta ɓangaren da ya fi nama, ya rantse shi bai lura ba. Kaka kuwa ta same shi: yau tukunyar shayinta ta lalace, gobe ƙwan fitilar bayi ya mutu. Ta ce ita ma bazawara ce, in yana da hankali ita zai aura, ga gida ga fansho. Boipelo na jin su daga ɗakin girki tana murmushi. Tana son yaron nan, so mai kwantar da hankali, irin wanda ba ya sa mutum yin ƙarya game da kansa.

Sai dai akwai Pule. Ɗan wani dattijon cocinsu ne, shi ke ɗaukar bidiyon mawaƙa yana sakawa a intanet. Ya daɗe yana bibiyar Boipelo, ta ce masa a'a cikin ladabi, ta sake ce masa a'a ba ladabin sosai. Da labari ya bazu cewa mutanen Tumisang na shirin zuwa neman aure, Pule ya tare ta bayan coci ya taya ta murna da wani murmushin da bai kai ido ba. Ba ta ɗauke shi a bakin komai ba.

Wata safiya ta lura masu sayen magani suna kallonta suna sunkuyar da kai. Wani ma ya karɓi canjinsa yana dariya ƙasa-ƙasa. Kafin rana ta yi tsaka Gaone ta faɗo kantin tana haki, ta ja ta bayan kanta, ta miƙa mata waya.

Boipelo ba ta iya kallon bidiyon har ƙarshe ba. Fuskarta ce, babu ko tantama, an ɗora ta a jikin wata mace tsirara da ba ta taɓa sani ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta gane murmushin. Na ranar gasar nan ne, wanda ta yi tana yi wa Ubangijinta waƙa. Ta durƙusa a wurin ta yi amai.

Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu. Kowa ya gani sai ya tura wa na kusa da shi, ya rubuta a ƙasa wai abin takaici ne, kamar takaicin ne ke danna masa waya. Kafin yamma bidiyon ya zaga tashar mota da shagunan kitso da zauren matan adashi.

Saƙon Tumisang ne kaɗai ta buɗe a ranar: "Kanari, na san ba ke ba ce. Ko duk garin nan ya dafa Littafi ya rantse, ni na sani. Kada ki amsa wayar kowa. Ga ni nan zuwa."

Ya zo, ya zauna kusa da ita bai cika ta da surutu ba. Amma gidansu ba a ga abin yadda ya gan shi ba. Gwaggo Dikeledi, ƙanwar mahaifinsa da ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensa, ta ce ko gaskiya ko ƙarya, ita ba za ta kai ƙafarta gidan da ake nuna 'yarsu da baki ba. Kawu Molefi, yayan mahaifiyarsa, wanda shi ne zai jagoranci masu neman auren, ya ce shi babu mai koya masa abin da idonsa ya gani. Dukansu biyu ba su taɓa haɗuwa da Boipelo ba, don a wajenmu ba a kai yarinya gaban manya kafin a nemi aurenta. A coci ma aka ce ta ɗan huta da waƙa har ƙura ta lafa.

Kaka Mmapula ce ta yafa bargonta a kafaɗa ta ce wa jikarta ta tashi, ofishin 'yan sanda za su. Can suka sami wata Sajan Sebola, mace mai magana a hankali. Ta bayyana musu cewa doka ta haramta yaɗa hoton tsiraicin mutum ba da yardarsa ba, ko na gaske ne ko na'ura ce ta ƙirƙira shi, kuma ba wanda ya haɗa kaɗai take nema ba, har wanda ya tura wa wani. Ashe akwai sunan abin da aka yi mata, kuma sunan ba abin kunya ba ne, laifi ne.

Bayan 'yan kwanaki Sajan ta sake kiran ta. Ta ce suna bin sawun bidiyon daga waya zuwa waya, sun kai wani zauren hirar waya na dangi mai mutane da yawa. Ta juyo mata allon kwamfuta ta tambaye ta ko ta san lambar da ta saka shi a wurin.

Ta san ta. Ko cikin barci aka tashe ta za ta karanto ta.

Da yamma Tumisang ya zo da kota a hannu kamar kullum. Ta tare shi a bakin ƙofa, ba ta ce ya shigo ba. Da ta faɗa masa abin da ta gani, bai musa ba, har da saurin bayani. Wai ya kwana biyu yana duba bidiyon, ya gano inda wuya bai haɗu da kai ba, da inda ɗan kunne ke ɓacewa yana dawowa. Ya zana jan layi a wuraren, ya saka a zauren danginsu don kowa ya ga ƙarya ce.

"Don in wanke ki na yi, Kanari."

"Ka tambaye ni?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ƙara jefa masa wata tambayar.

"Gwaggonka ba ta shiga intanet, Tumisang. A hannun wa ta fara ganinsa?"

Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta sauya, amma tausayinsa bai zo mata ba a ranar.

"Wanda ya ƙi ni ya tuɓe ni a kasuwa," ta ce. "Kai da kake so na ka ɗauke ni haka ka kai ni gaban surukaina, kana nuna musu da jan layi. Ka tafi da burodinka."

Ta rufe ƙofa ta jingina da ita tana kuka. Wannan ya fi na farko ciwo nesa ba kusa ba.

Makonni suka wuce ba ta amsa kiransa. A bakin Sajan Sebola ta ji sauran labarin. Washegarin ranar da ta kore shi, Tumisang da kansa ya je ofis ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya ce a rubuta sunansa cikin waɗanda suka yaɗa. Daga nan ya bi danginsa gida-gida, yana roƙon kowa ya goge, yana shan baƙar magana. Ya faɗi wanda ya turo masa, wancan ma ya faɗi nasa, har igiyar ta ƙare a kwamfutar Pule.

Ana kama Pule dattawan coci suka iso gidan Kaka da akuya a bayan mota. Suka ce yaro ne, shaiɗan ne, a rufa asiri a sasanta a gida, kotu ba za ta ƙara wa yarinya komai ba sai tonon silili. Kaka ta ba su shayi, ta ce ba ita aka yi wa ba, ga mai maganar nan. Boipelo ta durƙusa ta gaishe su yadda ya kamata, sannan ta ce da a gida ya yi abin, da an sasanta a gida. A gaban duniya ya yi, a gaban alƙali za a ƙare. Akuya ta koma yadda ta zo.

Ranar shari'a ta hango Tumisang a akwatin shaida, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Lauyan Pule ya tambaye shi ko shi ma bai tura ba. Ya ce ya tura, kuma kyakkyawar niyyarsa ba ta rage wa Boipelo ko ƙwayar hawaye ɗaya ba. Kotu ta sami Pule da laifi ta yanke masa hukunci. Mutane suka fara gaishe ta a hanya da fara'a mai yawa, irin ta wanda ya san ya yi ba daidai ba. Coci ta aiko ta dawo waƙa.

Ta je sau ɗaya. Ta buɗe baki, ta hango wayoyi a ɗage, sai muryar ta maƙale. Tun daga ranar ko a wajen wanke-wanke ba ta ƙara rera komai ba, gidan Kaka ya yi shiru kamar an yi rasuwa.

Sai ga saƙon Tumisang wata Lahadi: "Boipelo, ban kira ki Kanari ba don ban san ko har yanzu ina da izini ba. Na yi abu a kanki ban tambaye ki ba, ba zan sake ba. Yanzu tambaya nake: in turo mutanena? In kin ce a'a, ba za ki ƙara ganin motata a layinku ba, kuma ba zan daina yi miki addu'a ba."

Ta karanta ya fi a ƙirga. Kaka ta leƙo ta kafaɗarta ta ce in ba ta son sa ta bar mata shi, tukunyar shayinta ta sake lalacewa. Boipelo ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, sannan ta rubuta: "Ka turo su. Amma ba zan faɗa maka launin bargona ba, ban kuma ce lalle za su same ni a ciki ba."

Wanda ya san al'adarmu ya san nauyin wannan magana. Idan masu neman aure suka zo, ana fito musu da 'yan mata a lulluɓe da barguna tun daga kai har ƙafa, a ce su nuna wadda suka zo dominta. In suka yi kuskure, tara ce da abin dariya har jikoki. Shi ya sa kowace amarya ke raɗa wa saurayinta launin bargonta tun da wuri, shi kuma ya raɗa wa kawunsa. Kowa ya san ana wannan maguɗi, kowa na yi kamar bai sani ba.

Gwaggo Dikeledi ta yarda ta zo ne don Tumisang ya ce in ba Boipelo ba zai mutu gwauro, kuma ta san taurin kansa na gidansu ne. Kawu Molefi kuwa ba a taɓa yin neman aure a danginsu babu shi da kwat ɗinsa ba. Ya ce kada yaro ya damu da wani launi, shi ya san yarinyar.

Da sassafe suka tsaya a bakin ƙofa suna kirarin dangin gidan, aka bar su suka sha sanyi yadda ya kamata, sannan aka shigo da su. Ango ba ya shiga irin wannan zama, don haka Tumisang na can waje cikin motarsa. A ɗaki Boipelo ta daɗe tana kallon tsohon bargon Kaka mai ruwan ƙasa. Daga ƙarshe ta ja shi ta rufa, ta bi Gaone da wata maƙwabciyarsu zuwa falo. Ƙafafun mutane kawai take gani.

Ta ji kawunta ya ce wa baƙi ga furannin gidan nan, su nuna nasu. Takalman Kawu Molefi masu sheƙi suka zo suka wuce ta ko tsayawa ba su yi ba.

"Wannan ce," ya ce da ƙarfin gwiwa. "Tsayin nan da faɗin kafaɗun nan ba sa ɓoyuwa."

Aka yaye bargo, sai ga Gaone tana danne dariya. Boipelo dai 'yar ƙarama ce, da ƙyar take kai wa Gaone kunne.

Ba wanda ya yi dariyar da aka saba yi. Muryar Kaka Mmapula ce ta fito daga kusurwa, a hankali.

"Molefi, ka taɓa haɗuwa da jikata?"

"A'a, Mma."

"To a ina ka san kafaɗunta?"

Takalman nan masu sheƙi suka ja da baya, suka koma wurin zamansu. Ƙarƙashin bargo hawaye na bin fuskar Boipelo, ita kanta ba ta san na baƙin ciki ne ko na samun sauƙi ba.

Sai ta ga wasu ƙafafu cikin takalmin roba sun matso, gwiwoyi sun sauka ƙasa tsakaninta da maƙwabciyar. Gwaggo Dikeledi ce.

"Ba mu san ta ba," in ji ta. "Mun kalli abin da bai kamata mu kalla ba, muka ce mun san 'yar mutane. Ku ci mu tara, mun cancanta. 'Yata, duk inda kike cikin biyun nan, ki yafe mini. Ɗana bai ba ni launi ba. Abin da ya ce kawai, shi a duhu ya san ki."

Daga nan tsohuwar ta ɗauko waƙar da mata ke yi idan sun zo ɗaukar amarya. Muryarta a dushe take, tana hawa inda ya kamata ta sauka, ga kuka ya haɗu da ita. Matan gidan suka yi gum, babu wadda ta amsa mata, don ba su huce ba. Ta kai ƙarshen baiti ita kaɗai, ta sake ɗaukowa daga farko.

Boipelo ta san yadda ake ji idan mutum na waƙa shi kaɗai kowa ya yi shiru. A nan cikin bargo babu wayar da ke ɗaukarta, babu ido, duhu ne kawai irin na ranar farko. Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Muryar ta fito siririya tana rawa, sannan ta miƙe, ta cika falon, ta fita ta taga.

Daga waje aka ji hon ɗin tsohuwar a-kori-kura, an danna ba a saki ba. Falo ya kece da dariya da guɗa. Gwaggo ta yaye bargon da hannunta, ta riƙe fuskar Boipelo tana kallo kamar mai karanta wasiƙa, ta ce ashe haka take. Kawu Molefi ya biya tararsa bai yi ciniki ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihinsa.

Cikin hayaniyar wayarta ta yi ƙara: "Na ji ki. In ce Kanari?"

Ta goge ido ta rubuta: "Ka ce, Mai Janareta. Kuma ka saki hon ɗin nan, maƙwabta na barci."

An ɗaura aure bayan damina, a ɗakin taron nan da suka haɗu. Kaka Mmapula ta dafa kawunansu ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana, ya sa su zama sutura ga juna, ya raba su da idon da ke kallon abin da ba nasa ba. Jama'a suka amsa da amin.

Da amarya ta miƙe za ta yi waƙa, wayoyi suka fara ɗagowa, sai Gwaggo Dikeledi ta juya ta watsa wa mutane harara. Wata yarinya daga gaba ta tambaya a kunyace ko amarya ta yarda a ɗauka. Boipelo ta dubi ɗakin, ta dubi mijinta, ta yi murmushin nan nata, ta ce yau ta yarda.

Tana tsakiyar baiti na biyu aka ɗauke wuta. Kowa ya fara kiran ango ya je ya duba janareta. Tumisang ya lalubo hannunta cikin duhu ya riƙe, ya ce a bar shi tukuna, matarsa ba ta gama ba.